Gwaggo Habsu da Kududdufin Lungun Marina

Duk wanda ya taɓa tambayar Gwaggo Habsu hanya ya san da abin da zan fara. Ba ta yi wa mutum kwatance da abin da ke tsaye, sai da abin da aka sare ko aka cike ko ya rushe. In baƙo ya tsaya a ƙofar gida, inda take zaune da kwanon ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa, ya ce gidan wane yake nema, sai ta ajiye mafici ta ce ya miƙe har tsamiya, ya bar rijiyar dukawa a hannun dama, in ya ji ƙarar masu bugun rini to ya iso. Tsamiyar nan an sare ta tun ban yi wayo ba. Rijiyar an rufe ta kafin a haife ni. Masu bugu kuwa, na ƙarshensu ya rasu ina goye.

Akwai wani bawan Allah daga garin Dogo da ya kawo wa ɗiyarsa hatsi a kan jaki. Sau uku yana tafiya yana dawowa wurinta, gumi ya jiƙe masa riga. A na ukun ya ce, "Iya, ni fa har yanzu ban ga tsamiya ba."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To laifina ne da ka zo a makare?"

Sannan ta tashi ta shige gaba ta kai shi har ƙofar gidan, tana yi masa faɗa duk tsawon hanya kan yadda ya ɗaure wa jakin kaya.

Na san kuna dariya, ni ma da nake rubutawa na yi. Amma ku sani ba don in ba ku dariya kaɗai na zauna ba. Mai unguwa ya ce tunda ni ce ta riƙe, ni Rakiya ɗiyar ƙanenta, in faɗi wani abu a kanta yanzu da aka yi sadakar arba'in. Zan faɗa. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, ni ma ina cikin waɗanda zai taɓa.

Saboda yaranmu da aka haifa a sababbin unguwanni, bari in fara faɗin yadda lungun yake, kamar yadda ta dasa mini shi a kai. Lungun Marina ya taso daga bakin kwalta, wajen guntun tsohon garu, ya gangara cikin Birni. Faɗinsa na jaki ɗaya ne da kaya. In jakuna biyu suka haɗu, sai masu su sun yi shawara. Ya yi kwana uku kafin ya ƙare. Kwanar farko saboda babban dutsen nan ne, wanda ba wanda ya iya matsar da shi. Ta biyu saboda zauren kakanmu, wanda Gwaggo ta ce ya fi dutsen taurin kai. Ta uku kuwa, inda gidanmu yake, daga nan ƙasa take sulalewa har bakin kududdufi, inda lungun ya ƙare. Kakanninmu marina ne. Daga wannan ramin suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen lungun kaf, a gefensa suka jera karofinsu, Buzaye na zuwa da raƙuma sayen baƙin rawani. Rini ya mutu, karofi ya cike, amma ramin ya ci gaba da aikinsa. Duk ruwan da ya sauka daga kwalta da dutse da indararon kowane gida, nan yake tafiya ya kwanta.

Gwaggo ta san wannan kamar yadda ta san yawan haƙoran da suka rage mata. Ita kuma ba ta yarda a taɓa wa lungun komai ba. Kun tuna shekarar da ma'aikatan wani biro, wato ofishin gwamnati, suka zo da fenti suna rubuta lamba a ƙofofi, suka kafa wani shuɗin allon ƙarfe a katangarmu mai lambar lungun? Suna wucewa ta kwaɓa ƙasa ta shafe lambar. Suka dawo suka sake, ta sake. A karo na uku shugabansu ya zo da kansa, ya durƙusa da ladabi ya ce, "Hajiya..." Ta tare shi ta ce ba ta je Makka ba, kada ya fara mata da ƙarya tun bai zauna ba. Ya yi mata bayani cewa lambar don a riƙa gane gida ne. Ta ce shekara saba'in tana shiga gidan nan ba ta taɓa ɓata ba. Da ya tambayi inda allon ƙarfen ya shiga, ta nuna masa. Yana kan cinyarta, ta jera ƙuli-ƙuli a kai. Ta ce tun da take, wannan ne karo na farko da biro ya ba ta abu mai amfani, kuma ta gode. Mutumin ya sayi ƙuli ya tafi.

Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba ya zo da Alhaji Mati.

Kun san shi, ɗan lungun nan ne, a kwana ta biyu aka yanke cibiyarsa. Ya yi arziki a fatauci ya koma can bayan gari ya gina bene. Gwaggo ba ta taɓa kiransa Alhaji ba. Mati Shuɗi take ce masa ko a gaban wa, saboda yana yaro ya faɗa ragowar karofi ya yi mako guda da shuɗin kunne. Wata rana ya dawo da takardu da wani injiniya mai farar hula, ya ce ya sami izinin cike kududdufi ya gina magaza ta ajiyar kaya da shaguna. Ya ce ramin nan ba ya haifar da komai sai sauro da wari. Ba ƙarya ya yi ba, ramin yana wari, don mu muka mayar da shi juji. Ya ce za a gina kanibo, wato magudana ta siminti, ya kwashe ruwan ya kai babban titi. Abin da ake so kawai shi ne kowane gida ya sa hannu cewa ya yarda.

Aka kira taro a zauren mai unguwa, na maza zalla. Ana tsakiyar magana sai ga Gwaggo ta shigo da bido, irin jarkar nan, cike da ruwa a ka. Ba ta yi wa kowa sallama ba sai mai unguwa. Ta ce injiniya ya taso ya nuna mata inda kanibon zai fara. Don a rabu da ita lafiya, aka ɗunguma har ƙarshen lungu, ya nuna da ƙafa. Ta sauke bidon ta tuntsurar da shi a daidai wurin. Ruwan bai yi ko shawara ba, ya juya wa titi baya ya gangara cikin ramin.

Ta ce, "Ga shi nan. Yi masa Faransanci ko zai hau tudu."

Aka fashe da dariya. Har injiniyan ya yi, ya ce tsohuwar nan da ta yi karatun boko a lakwal da an ga abu. Ta ce a yashe ramin, a hana zuba shara, ita za ta fara da kwandonta. Aka koma zaure aka ci gaba da sa hannu. Dariyar nan ita ta fi komai ƙona mini rai yau, domin kowa a wurin ya ga inda ruwan ya bi. Ba wanda zai ce bai gani ba.

Ni kuma ga nawa laifin. Maigidana, baban Nana, tela ne, shekaru yana ɗinki a rumfar kara a bakin kasuwa. Alhaji ya yi masa alkawarin shago ɗaya a cikin sababbin. Ni na ɗauki takardar na kai wa Gwaggo har ɗaki, na karanta mata, na tausasa murya na ce ta dangwala yatsa kawai. Ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta ce takarda ce mai kyau, ta naɗe wa wata yarinya ƙuli a ciki.

Ranar da kamiyo ya fara kawo jar ƙasa, direba ya tarar da ita a bakin ramin, daidai inda zai juye. Ta mirgino turminta tun da sassafe ta kife shi ta zauna a kai, ga kwanon ƙuli, ga lema. Ya yi oda har ya gaji. Ta ce in yana sauri ya juye a kanta, dama likkafaninta na cikin akwati. Kwana huɗu tana zuwa daga hantsi har la'asar. Leburori suka zauna a inuwa suna sayen ƙulinta, ta tsuga musu tsada, ta ce na masu cike rami daban yake. Mai unguwa ya zo ya roƙe ta, liman ya zo, ta gaishe su da girmamawa ba ta motsa ba. Alhaji ya zo da babbar riga ya ce, "Gwaggo, ki dubi girman Allah." Ta ce shi take dubawa, shi ya sa ruwa gangara.

Ba ɗan sanda ya tashe ta ba, ni ce. A rana ta huɗu na zo, mutane sun cika wurin suna kallo, wasu na ɗauka da waya. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Gwaggo, kina ba mu kunya."

Ta daɗe tana kallona. Ta tashi ta naɗe lemarta, ta kwantar da turmin ta fara mirgina shi zuwa gida, tana tsayawa tana hutawa. Na kai hannu in taya ta, ta buge hannun. Kafin ta kai kwana ta uku kamiyon ya juye na farko.

Daga ranar ta daina yi mini magana. Amma kun san Gwaggo, ba za ta iya yin shiru gaba ɗaya ba, sai ta nemo tafinta. Tana da wata jar akuya da take kira Ja. In na kawo mata abinci ranar Juma'a, sai ta juya wajen turke ta ce, "Ja, gaya wa matar tela miyar nan ba gishiri." In na gaishe ta, sai ta ce wa Ja ta amsa. Da abin ya ishe ni, ni ma na fara bi ta hannun akuyar. Na ce Ja ta tambaye ta ko ta sha maganin ƙafarta. Ta ce Ja ta gaya mini ƙafar ba ta sa hannu a takardar kowa ba, lafiyarta lau. Haka muka yi fiye da shekara, mu biyu da akuya tana tuƙa a tsakani. Mutane na ba da labarin a gidan biki ana dariya. Ni in na koma gida kuka nake yi.

A ranin da aka cike ramin ta sa aka ɗaga mata dokin ƙofa har gwiwa. Ta kwashe akwatinta da tukwanen suya ta kai ajiya wani gida a gindin dutse. Ta bi gidajen ƙasan lungu ɗaya bayan ɗaya tana cewa su yi haka. Aka ce tsufa ya fara taɓa ta. Magaza ta tashi a kan tudun jar ƙasa, da dakali mai tsawo. Kanibo aka fara shi, aka yi 'yan taku, aka bar shi da baki buɗe yana kallon sama. Daminar farko ta zo da sauƙi, ruwa ya tsaya iya idon sawu ya janye. Samari suka riƙa tsokanarta in sun wuce, suna tambaya ko su sayo jirgin ruwa. Ta ce su sayo, amma kada su ba Mati ya tuƙa.

Damina ta biyu, wata Juma'a cikin watan Agusta, ina gidan. Ruwa ya sauko tun hantsi bai ɗauke ba. Bayan azahar ta leƙa waje ta ga abin da take jira. Ruwan da ke gangarowa ya je ya bugi dakalin magaza, ya rasa wurin zuwa, ya fara dawowa baya yana hawa lungu. Ta kwance Ja ta danƙa mini igiyar ba tare da ta dube ni ba, ta ɗauki sandarta ta fita. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ita ce ta bi ƙofa ƙofa cikin ruwa har cinya tana dukan ƙyaure, tana korar mutane su hau dutse. Ba roƙo take yi ba, zagi take yi, kuma ya yi aiki.

Sai mutum ɗaya ta ƙi fita, maƙwabciyarmu Tsahara. Kun san tsakaninsu. Shekara talatin suna gaba a kan indararon Tsahara da ke zuba a tsakar gidanmu. Tsahara ta hau kan gado ta ce ko duniya za ta tashi ba za ta bi umarnin Habsu ba. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofarta ta ce, "Yauwa, zauna abinki. Dama ɗakin nan ya daɗe yana tsone mini ido. In ya faɗo miki na huta da ku biyu a rana ɗaya."

Tsahara ta diro daga gado da muciya a hannu. Ta biyo Gwaggo tana zage-zage, Gwaggo na gaba tana ƙara mata wuta, har suka iso gindin dutse aka ja su sama. Ba su gama numfashi ba ɗakin Tsahara ya zauna.

Muna tsaye a kan dutsen, jiƙe sharkaf, mata da yara da tsofaffi, muka ga gidajen ƙasan lungu suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Namu ya jure har wajen la'asar saboda dokin ƙofar nan, sannan katangar baya ta tsage, ɗakin da aka haifi babana ya kwanta a hankali. Na jira ta juya ta ce ai ta faɗa. Tana da haƙƙin ta faɗa wa kowa a kan dutsen nan, ta fara da ni. Ba ta faɗa ba. Ta lalubo hannuna ta ce, "Rakiya, riƙe ni, ƙafata ba ta ɗaukata."

Ba a rasa rai ba ranar, kuma kun san dalili. Magaza ko digo bai shiga ba. Washegari manya suka zo da takalman roba suka zagaya suka ce ikon Allah ne. Ruwan sama ikon Allah ne, ban musa ba. Amma jar ƙasar nan ba daga sama ta sauko ba, a kamiyo aka kawo ta, muna tsaye, da sa hannunmu. Alhaji ya aiko da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto. Gwaggo ta ce a gaya masa ta gode, amma ba ta da murhun da za ta dafa, yana ƙarƙashin ɗakinta.

Ta dawo gidanmu a sabuwar unguwa, ita da akuyar. Baban Nana ya mayar da makullin shagon ya koma rumfarsa ta kara, bai yi shawara da kowa ba. Ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba, sai dai daga ranar ta daina kiransa tela ta koma kiransa da sunansa. Unguwar kuwa ba ta yi mata ba ko kaɗan. Ta ce titunanmu miƙaƙƙu ba su da kunya, mutum zai hango surukinsa tun daga nesa ya rasa kwanar da zai laɓe. Ta daina suya. Ta daina yi wa kowa faɗa, wannan ne ya fi tsorata ni.

Bayan ƙaramar sallah ta ce in kai ta lungu. Muka sauka a bakin kwalta ta taka da ƙafarta, tana hutawa a kowace kwana, har kangon gidanmu. Azarorin ɗakinta na giginya suna nan a jingine, da ƙyauren kakanmu. Tsahara na zaune a wata bukkar leda da 'ya'yanta suka kafa mata a nata kangon. Suka kalli juna, ba gaisuwa. Gwaggo ta nuna azarorin da sanda ta ce a kwashe a yi wa matar nan rufi kafin ruwa ya sauko, har da ƙyauren. Tsahara ta rufe fuska da gyale. Gwaggo ta ce kada ta yi mata kuka, akwai sharaɗi: in an gina, a juya indararon ya kalli wani wajen.

Tsahara ta ce, "Habsu, ai ba gida a nan kuma. A kan me zai zuba?"

Ta ce, "Ina ruwanki. Ki juya shi."

Suka zauna a kan tabarma ɗaya har rana ta yi sanyi. Ban ji abin da suka ce ba, na matsa na ba su wuri. Kwana tara bayan nan ta rasu, da safe, bayan ta sha kunu ta ce ya yi ruwa.

Kun zo ta'aziyya, na gode. Kusan kowa da ya zauna ya ce mini Gwaggo ta faɗa, Gwaggo mai hangen nesa ce. Har Alhaji ya faɗa, da hawaye. Ni ba na son wannan yabon, ba zai tsayar da katangar kowa ba. Ramin yana nan a cike, kanibo yana nan da baki buɗe, mutane sun sake gina ɗakuna a ƙasan lungu da ƙasar da ta rushe musu, gajimare kuma ya fara haɗuwa a gabas. Akwai takarda a zauren mai unguwa ta neman a buɗe wa ruwa hanya. Sunana ne na farko a kai, na baban Nana na biyu, Tsahara ta dangwala yatsa. Hannun da ya iya sa wa waccan zai iya sa wa wannan. Bana ba wanda zai bi ƙofofinku da sanda.

Allah ya jiƙan Gwaggo Habsu, ya yafe mata kaifin bakinta, ya yafe mini kalmar da na faɗa mata a bakin rami. Ta rasa ɗakinta tana da rai. Ya Allah ka ba ta wani a wurinka, mai inuwa, inda ba mai zuwa ya ce ta tashi. Amin.